Shekarar Tuwon Alkama

Inna ba ta maimaita miya. Duk wanda ya tashi a gidanmu a Rogo Ruma ya san haka, har maƙwabta sun sani. In jiya kuka aka kaɗa, to yau ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ka ga kuka ba. Sai dai karkashi, ko busasshiyar kuɓewa, ko miyar wake, ko ta zogale da gyaɗa. Ba wadata ce ta kawo haka ba. Babanmu ƙaramin manomi ne, dawa da gyaɗa da ɗan rogo, kuma akwai shekarun da nama sai Sallah. Ita dai Inna a wurinta raini ne ka sa wa mutum abu ɗaya a gaba kwana biyu a jere, ko da ganyen bayan gida za ka tsinko ka canza masa baki.

Bafulatana ce, daga wata ruga ta wajen Turawa aka auro ta. Ta zo da sanin nono da man shanu da fura, ta tarar da kakarmu ta wajen uba wadda ta san kowane ganye da ke fitowa tsakanin gida da gona, sai ta haɗa biyun. Da damina mukan ci kwaɗon rama da na tafasa, da faten tsaki mai yakuwa, da ɗanyar kuɓewa. Da kaka ga taushe, kabewa ta nuna, gyaɗa sabuwa, ga tubani, ga gauda a ganyen kargo. Da rani kuwa sai ta sauko da ƙullin tsummokaranta daga rataye, kowanne da abin da ta shanya, ta yi ta juya su. Ranar da babu komai sai ta yi mana ɗan malele, ta yaryaɗa manja, ta barbaɗa yaji, mu ci muna santi kamar ba talauci ne ya kawo shi ba. Ko ƙanzon tukunya ba ta zubarwa, jiƙa shi take ta kwaɗa da ƙuli.

Cikin 'ya'yanta mu biyu ne wannan magana ta shafa: Yaya, ɗanta na fari, da ni, auta. Tsakaninta da Yaya akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da, mai tsanani. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan". Ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaishe ta a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. A hannun kakarmu ya tashi, don Inna ko goya shi ba ta yi a gaban mutane. Ni kuwa a cinyarta na girma, a kwano ɗaya muke ci, ina gaya mata magana son raina tana kai min dundu tana dariya. Shi ya sa bakina ya fi na kowa kaifi a gidan, har yau kuma ban ga dalilin dasashe shi ba.

Bayan rasuwar babanmu Yaya ne ya riƙe gida. Yana sayar da hatsi a kasuwa, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a sashen gaba, Inna tana ɗakinta na ƙurya. Ni aure ya kai ni Ƙaraye, ina koyarwa a wata firamare, sai ƙarshen wata ko hutu nake leƙowa. Har lokacin Inna da murhunta take. Matar Yaya ta yi na gida, ita ma ta ɗora 'yar tukunyarta, jikoki su yi ta zarya tsakanin biyun.

Wata bazara Inna ta fara yawan ƙishirwa da fitsari, tana ramewa. Yaya ya kai ta asibiti aka ce ciwon suga ne. Aka ba ta ƙwayoyi na safe da na yamma, aka ce ta bar zaƙi, ta rage tuwo da shinkafa. Iyakar abin da aka faɗa ke nan, matar Yaya tana wurin, ita ta gaya min daga baya. Sauran duk a tsakar gidanmu aka ƙaro su.

Babban likitan ƙasarmu ba a asibiti yake ba. Sunansa "an ce", kuma da 'yan dubiya yake zuwa. Goggo, ƙanwar babanmu, ta zo ta zauna a tabarma ta ce an ce dawa da gero da masara duk suga ne, alkama kaɗai mai wannan ciwo yake ci. Kawu ya taso daga ruga, mutumin da nono ya raine shi, ya ce an ce nono da man shanu su suka kashe wani abokinsa. Wata maƙwabciya ta ce kabewa ai zaƙi gare ta, haka albasa in ta dahu. Wata ta soke gyaɗa saboda mai, da ta tafi ƙuli ya bi ta. Wata ta ce wake yana kumbura ciki, ganye kuma sanyi yake sawa, mai suga ba ya son sanyi. Wani ya ce gishiri. Kowa ya zo sai ya cire abu ɗaya kafin ya yi sallama, kamar shi ne tukwicin dubiyar. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce an ce ta ci kaza.

Yaya kuwa duk wanda ya girme shi ya faɗi magana, ta zauna. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Bai daɗe da binne uba ba, ga uwa ta kwanta, kuma ita ce matar da bai taɓa samun hanyar nuna mata ƙauna ba sai ta aike. Ya sayo buhun alkama mai kyau, a shekarar da masu hali ma suke auna masara da gwangwani. Ya sa aka kwashe tukwanen Inna aka kife a rumbu, wai kada hayaƙi ya dame ta, kada kuma ta dafa abin da aka hana. Daga ranar abincinta ya zama tuwon alkama da miyar kuka tsura, ba mai, ba daddawa, gishiri sai a ce an nuna mata shi daga nesa. Da safe ɗumamensa, da rana shi, da dare shi. Ga kofin ruwan shuwaka mai ɗaci a kai.

Zuwana na farko bayan haka na tafi da dambun zogale a kula, na yi shi yadda ta koya min. A zaure Yaya ya tare ni. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da aiki, sannan ya buɗe kular ya leƙa.

"Wannan na wa?"

"Na Inna."

"Da tsakin masara? Da ƙuli? Auta, so kike ki kashe ta?"

"Yaya, loma nawa za ta ci? Ganye ne fa ya fi yawa."

"An ce ganyen ma ba ta ci."

"Wa ya ce?"

Ya kira yaransa ya miƙa musu kular, suka zauna nan zaure suka cinye ina kallo. Raina ya ɓaci har ina jin kunnena yana zafi, amma yayana ne, gidansa ne, shi yake sayen magani. Na shiga wurin Inna hannu rabbana. Ta dube ni ta ce ta jiyo ƙamshin tun daga ƙofa, kuma na cika albasa. Muka yi dariya. A ranar na ɗauka abin na ɗan lokaci ne.

Damina ta sauka ta wuce a haka. Wannan ce daminar da har yau in na tuna ta nake jin takaici. Tafasa ta fito bayan ɗakinta kore shar, rama ta yi tsayi a bakin katanga, matar Yaya tana yanka ɗanyar kuɓewa a tsakar gida, ƙamshin fate yana shiga har ƙuryar Inna. Jikoki su wuce ta ƙofarta da gasasshiyar masara a hannu. Ita kuwa a tura mata kwanonta ta ƙarƙashin labule, a dawo a ɗauke shi wayam. Kwanon da ke dawowa wayam shi ya kwantar wa kowa da hankali. In na kira a waya matar Yaya ta kai mata, sai ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ana kula da ita. Amma duk zuwan da na yi sai na ga zanenta ya ƙara zagaye ta. Na yi magana aka ce ai haka ciwon yake, cin mutum yake yi.

Kaji ne suka tona asirin. Da hutun kaka na je na yi kwanaki. Wata rana da azahar na zaga bayan ɗakinta zan shanya wanki, sai na ga kajin gidan kaf sun taru ƙarƙashin 'yar tagarta, sun ɗaga kai suna jira. Kaji ne ƙosassu, ƙirjinsu har rinjayarsu yake, a shekarar da kajin maƙwabta suke tsinci a bola. Ina tsaye sai ga hannun Inna ya leƙo ta tagar, siriri kamar kara, yana marmasa tuwo yana saki.

Na zagayo na ɗaga labule. Tana ganina ta ja kwanon ta rufe.

"Inna, su ma kajin suga gare su?"

Ta yi murmushi, sannan murmushin ya gudu. "Rufa min asiri, Auta."

"Tun yaushe?"

"Ina taɓawa. Loma ɗaya, biyu. Daga nan sai ya tsaya min a nan." Ta nuna maƙogwaronta. "Ko warinsa na ji sai zuciyata ta tashi. Ba laifin yarinyar nan ba ne, tana tuƙa shi da kyau. Bakina ne ya ƙi."

"To ki faɗa masa mana."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni? In buɗe baki in ce wa wancan ina jin yunwa? A gidansa? Ya sayo abu da guminsa, da zuciya ɗaya, in ce ba na so?"

"Ɗanki ne fa, Inna."

"Shi ya sa."

Na zauna a bakin gadonta na yi kuka, na haushi ba na tausayi ba. Matar da ta ciyar da gida guda da ganyen bayan katanga, yau ita ce take ciyar da kaji a ɓoye don kada ɗanta ya ji kunya. Ta roƙe ni kada in faɗa. Na ce mata wannan karon ba zan ji maganarta ba.

Da la'asar Yaya ya dawo daga kasuwa na tare shi na zayyana masa komai. Na ce yunwa ce take cin Inna ba suga ba. Fuskarsa ta canza. Ya wuce har ƙofar ɗakinta ya durƙusa a inda ya saba, labule a tsakaninsu.

"Inna, barkanku da yamma. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"An ce ba kwa cin abincin."

Ina tsaye ina roƙon Allah a zuciyata ta faɗa, ko da kalma ɗaya ce.

"Ana ci," in ji ta. "Allah ya yi albarka."

Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ake yi wa mai haɗa husuma. Na ce ya zagaya ya ga kajinsa. Ya ce kaji ai kaji ne, me ba sa tsinta. Amma maganar ta shige shi, sai dai ta shiga ta baibai. Washegari ya sa aka buga wa tagar raga, ya kuma ce wa matarsa daga yau ta riƙa zama a ɗakin har sai Inna ta cinye.

Wanda bai san gidan irin namu ba zai ce ai gyara ya yi. Inna ba ta taɓa cin abinci a gaban suruka ba, ko ruwa za ta sha sai ta juya baya. Matar Yaya ma ta san haka, baiwar Allah, kunya kamar ta nutse. Sai ta riƙa zama a bakin ƙofa ta ba ta baya tana tsintar wake, Inna kuma ta sa hannu a kwano ta yi ta juya loma ɗaya har tuwon ya huce. Daga baya matar ta ɗauke kwanon, ta juye a na yara don kada mijinta ya gani ya yi faɗa. Ita ma tsoronta daban: in ta saci hanya ta ba Inna wani abu, ciwo ya tashi, duniya za ta ce surukarta ce ta kashe ta. Kowa a gidan yana kare kansa daga abin da za a ce, har ita mai yunwar.

Kafin in koma Ƙaraye na yi abin da zan iya. Na dafa wake da alayyahu a gidan wata ƙawata na shigo da shi cikin hijabi. Inna ta ci loma huɗu ko biyar tana waige, ta ce ya isa, kada a ji ƙamshi a ce yarinyar nan ce. Na je wurin Goggo na ce ta janye maganarta tunda ita Yaya yake ji. Ta ce ita me ta ce, ai ba ita ta faɗa ba, faɗa aka yi ta ji. Na je wa maigidana da maganar in ɗauko Inna ta zauna wurinmu, ya amince. Inna ta ce ba za ta kwana gidan suruki ba ko a mafarki, ga ɗanta namiji da rai.

Ƙwayoyin kuwa ba ta fasa sha ba, safe da yamma, don su ba sa buƙatar tauna kuma wancan ne ya sayo. Ba wanda ya gaya mana cewa maganin suga a cikin da babu abinci shi ma ciwo ne. Ta fara yin gumi da rawar jiki da hantsi, idonta ya riƙa rufewa. Duk ranar da ta yi haka sai a ce sugan ne ya hau, a ƙara mata ruwan shuwaka.

Bayan an gama girbi, wata ranar kasuwa, aka kira ni ina cikin aji. Inna ta faɗi a bakin randa, ba ta magana. Na bar yara da alli a allo na hau mashin. A asibiti na same su, Yaya yana tsaye da hularsa a hannu. Wata ma'aikaciya ta soki yatsan Inna ta duba, nan da nan ta ɗauko ledar ƙarin ruwa za ta rataya. Yaya ya tambaya wane iri ne, ta ce na suga ne. Ya yi tsalle ya tare ta.

"Suga fa gare ta! Suga za ku ƙara mata?"

"Alhaji, sugan ne ya ƙare a jikinta. Matsa min."

Ba a jima ba Inna ta buɗe ido. Ma'aikaciyar ta tambaya me take ci. Yaya ya ce tuwon alkama, har da ɗan alfahari a muryarsa. Ta ce da me? Ya ce da miyar kuka. Ta ce sai me? Ya ce shi ke nan. Ta ce wake fa, ganye fa, kifi, ƙwai, nono marar suga, ɗan tuwon dawa daidai ciki, wa ya hana ta? Na juya na kalli Yaya. Na daɗe ina tanadin maganar da zan gaya masa a irin wannan rana, amma da na ga yadda yake murza hular nan a hannunsa sai na kasa.

Aka sallamo ta, aka canza magani, aka fito da tukwanenta daga rumbu. Na ɗauki hutu na dawo gida na ɗora murhu a ƙofar ɗakinta. Yanzu Yaya ba abin da ba ya sayowa. Kifin dam na wajen Turawa, hanta, ƙwan zabi, kindirmo daga rugar su Kawu. Ya ajiye a zaure ya aiko yaro, shi ba ya shigowa sai gaisuwa. Ni kuma na bi ƙa'idarta, ban maimaita miya ba ko sau ɗaya. Yau karkashi, gobe taushe, jibi farfesun tarwaɗa.

Sai dai cikin ya riga ya rufe. Ta kai loma baki ta daɗe tana juya ta, ta haɗiye da ƙyar, ta ce ya isa. Wani ƙaramin rauni da ta ji a ƙafa ranar da ta faɗi ya ƙi warkewa, ya yi ta ci. Abin da ya rage mata na abinci shi ne gyara. Ta shinshina ta ce kanwar ta yi yawa. Ta ɗanɗana a fatar hannu ta ce wannan daddawar ta kasuwa ce, ba a bar ta ta kwana uku ba. Ta ce in daina jefa dunƙulen magi a karkashi, ba a haɗa su. Ina jin daɗin faɗan, don duk ranar da ta kushe miyata na san tana nan.

Wata rana da hantsi, zafin bazara ya fara, ina yi mata fifita, na ce ta faɗi abin da ranta yake so ko mene ne, in nemo.

"Ba ya samuwa yanzu."

"Faɗi dai."

"Kwaɗon tafasa. Sabuwar fitowa, ta ruwan farko, kafin ganyen ya yi tauri. Da ƙuli mai yawa da 'yar albasa." Sannan ta ce, "Bara ina kallon ta ta taga har ta yi fure."

Na ce akwai busasshiya a kasuwa. Ta ce wannan ai ta awaki ce. Na ce to ruwa ya kusa, da ya sauka ni da kaina zan tsinko mata. Ta ce Allah ya kai mu. Na riƙa duba gabas kullum kamar manomi. Hadari ya haɗu sau biyu ya watse.

Ba ta kai ba. Ta rasu wata safiya bayan na shafa mata ruwa a fuska, ana sauran kwanaki kaɗan ruwa ya sauka.

A garinmu gidan da aka yi rasuwa ba a ɗora tukunya, maƙwabta da dangi ne suke kawo abinci har a yi sadakar uku. Tun azahar ɗin ranar kwanuka suka fara shigowa. Aka jera su a inuwar ɗakin Inna, ƙarƙashin tagar nan mai raga, don nan ne rana ba ta kaiwa. Goggo ta aiko da tuwon dawa miyar taushe, kabewa har tana ƙyalli. Maƙwabciyar da ta soke gyaɗa ta kawo fate, gyaɗa ta ji a ciki. Mai cewa ganye sanyi ne ta kawo dambun zogale. Daga ruga aka zo da ƙwaryar fura da nono, man shanu yana yawo a kai. Ga ɗanwake, ga burabusko, ga shinkafa da wake. Rabin matan nan a hannun Inna suka koyi abin da suka dafa, suna ajiyewa suna faɗa, suna share hawaye. Na tsaya ina kallon kwanukan, na ji wani baƙin ciki da ya fi na mutuwar kanta. Duk abin da aka hana ta wata da watanni ga shi ya zo ƙofarta a yini ɗaya. Mata suna ta cewa in daure in ci wani abu. Na ce musu na ƙoshi, kuma ban faɗa da daɗin rai ba.

Ranar uku da yamma, bayan mutane sun ragu, Yaya ya shigo cikin gida. Ya wuce inda ya saba durƙusawa, ya tsaya, sannan a karo na farko a sanina ya ɗaga labulen ya shiga ɗakin. Ina ciki ina naɗe kayanta. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon. A bayan ƙofa ga sauran buhun alkama, an ɗaure bakinsa da tsumma. Ya daɗe yana kallon sa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Me ta fi so? A abinci."

Na ce kwaɗon tafasa.

"Tafasa?" Ya ɗago kai. "Wannan ta bayan ɗaki? Wadda nake sa a yi wa feshin maganin ciyawa in ta cika wuri?"

Na ce ita.

Ya sunkuyar da kai. Na zaci zai kare kansa, na kuma shirya masa amsa, don har lokacin ban huce ba. Sai ya ce, a hankali, kamar mai ba da labarin wani:

"Kin san ni ban taɓa ganin ta tana cin abinci ba? Tun da nake. Ko sau ɗaya."

Gashin kansa ya fara fari, yana da 'ya'ya har da mai aure, kuma bai san yadda uwarsa take kai loma baki ba. Na ajiye zanen da ke hannuna na zauna kusa da shi a ƙasa.

Da ruwa ya sauka tafasa ta fito a bayan ɗakin kamar kullum. Matar Yaya ta gaya min a waya cewa ya hana a yi mata feshi, ya hana a nome, ya kuma hana a tsinka. Tana nan har ta yi fure ta bushe a tsaye.